Hancin Aro

Litinin, 15 ga Disamba

Mura ta tafi, amma ta tafi min da hanci. Da safe na murza ganyen na'a-na'a na shinshina, kamar na shinshina takarda. Na yanka albasa, hawaye ya zubo yadda ya saba, warin ne babu. Ashe ido da hanci kowa da aikinsa.

Yara da jikoki za su zo hutun ƙarshen shekara. Lambun bayan gida kuwa kamar ya san da baƙi: kabewa ta haye katanga, karas ya yi kauri, tumatir har faɗuwa yake. Ban gaya wa kowa zancen hancin ba. Ni da maƙwabta ke aiko wa da miya a ludayi in faɗa musu abin da ya rage?

Talata, 16 ga Disamba

Na zagaya lambu ina gutsurar komai kamar akuya. Barkono na nan da zafinsa. Lemun tsami yana tsinka yawu. Karas da ɗanyen dankali kuwa, in na rufe ido, sai haƙori ke bambance su. Gishiri ina jin sa can nesa, kamar sallama daga ƙofar gida. Wai dama rabin daɗin abinci a hanci yake? Duk shekarun nan harshe nake yabo, ashe ɗan rakiya ne.

Alhamis, 18 ga Disamba

Likita ya ce jin wari yakan dawo, kuma yakan daɗe. Wannan ai ko ni na iya faɗa.

Na ɗauki Baban yara aikin ɗanɗano bai sani ba. Na miƙa masa miyar kabewa, ya ce, “Ta yi.” Sai shakka ta kama ni. Na ɗebi wata a ƙaramin kwano, na zabga mata gishiri da gangan. Ya shanye tas, ya ce, “Ta yi,” ya tashi neman ruwa. Tun aurenmu yake cewa ta yi, ni kuma kaina na ta kumbura. Allah kaɗai ya san abin da bawan Allahn nan ya haɗiye.

Asabar, 20 ga Disamba

Na gwada kek ɗin karas, wanda jikoki ke tambaya tun daga bakin ƙofa. Ina zaune a kicin ina fere kabewa, na ba tanderu baya. Sai da idona ya fara yaji na juya. Hayaƙi har rufi, kek ya zama gawayi. Na binne shi a gindin lemu kafin Baban yara ya dawo.

Ba asarar ƙwai da fulawa ce ta dame ni ba. Da gas ne ke zuba fa?

Lahadi, 21 ga Disamba

Burodi yana magana. In ka ƙwanƙwasa gindinsa ya amsa kamar ganga, ya gasu. Albasa ma tana sauya murya a cikin mai kafin ta yi ja. Da can ina kunnena yake?

Talata, 23 ga Disamba

Babban ɗana ya kawo matarsa da yara tun yau, shi ya koma, sai ranar da kowa zai taru. Tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa barin ta ta taɓa min tukunya ba. Wanke-wanke dai, da yankan salak. Ba don ta yi min komai ba. Haka nake.

Na ɗaga madara zan juye a kwaɓin fulawa, sai ta riƙe min hannu. “Mama, ai ta juya.” Kicin ɗin duk ya ɗauki tsami, in ji ta. Ta dube ni, ta dubi baƙin da ke rufi. Ƙarya ta ƙare, na faɗa mata komai. Na zaci tausayi za ta fara, abin da na fi tsoro ke nan. Sai kawai ta gyara ɗaurin zane ta ce, “To ku riƙa zubawa, ni in riƙa shinshinawa.”

Alhamis, 25 ga Disamba

Mun wuni a kicin. Ni hannu, ita hanci. Na ce kada ta ce min “ya yi”, na ƙoshi da wannan, ta faɗa min abin da take ji. Ta sunkuya kan kabewar da muka gasa ta ce kamar gyaɗa ana soyawa a gidan maƙwabta. Tumatir da aka tsinko yanzu, wai warin ganyensa ya fi nasa ƙarfi. Ban taɓa lura ba, ni da na shuka shi.

Ashe tana da lambunta, a gwangwanayen fenti, a barandar benen da suke haya. Har da tafarnuwa. Ban sani ba. Ban dai taɓa tambaya ba.

Ta ce a goga ɓawon lemun tsami a kek ɗin karas. Na ce ba a yi. Ta ce, “Wa ya hana, Mama?” Na rasa sunan wanda ya hana. Muka raba kwaɓin biyu, nawa da nata.

Asabar, 27 ga Disamba

Gida ya cika, takalma har bakin lambu. Kaza da dankali, miyar kabewa, burodi mai albasa, duk an share. Ni dai laushi da ɗumi kawai nake ji, sai na koma kallon bakin mutane. Ashe fuska ma tana faɗin gishiri.

Kek ɗinta ya riga nawa ƙarewa. 'Yata ta biyu ta lashe yatsa ta ce, “Mama, na bana ya fi na kullum, me kika sa?” Surukata ta sunkuyar da kai tana goge wa ɗanta baki, ba za ta tona ba. Na ce, “Ku tambayi matar yayanku.”

Litinin, 29 ga Disamba

Sun tafi. Hanci bai dawo ba. Na wanke gwangwanayen gasa kek, na kife su.

Da la'asar na kira surukata a waya, don in tambayi ɓawon lemu nawa ta goga. Ba wani abu ba, saboda baɗi ne. Muka shiga zancen tsutsar da ke cin tumatir ɗinta, da haƙorin ƙaramin, da wata maƙwabciyarta mai aron tukunya. Sai da wayar ta yi zafi a kunnena muka yi sallama.

Na manta ban tambayi lemun ba. Sai gobe.