Cikin Da Iya Ta Ce Ya Tashi

Gure, watan Rajab, 1355

Takarda ta fito daga hannun Yakura zuwa ga maigidana da ke barikin Ngigmi. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina tambayar lafiyarka da gajiyar sintiri a kan raƙumi. In ka tambayi tamu, muna nan ƙalau. Iya ma lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani, tana gaishe da autanta. Hatsin gonar Gamu ya yi kyau bana, an fara yanka.

Bayan haka, kwalba biyun da ka aiko ta hannun Fannami mai ayarin kanwa sun iso, ba wadda ta fashe. Ina sha yadda lokotoron Damagaram, likitan Nasaran nan, ya ce, cokali da safe cokali da maraice, da gishirinsa da ɗacinsa. Muryoyin nan da nake ji sun yi shiru. Tun ranar da ka kwance ni daga mari ka ɗora ni a raƙumi ka kai ni wurinsa, ban sake fita tudun rairayi ba mayafi ba. Tabon ƙarfen ma ya fara dushewa a ƙafata. Allah Ya saka maka, don wani namijin da tuni ya mayar da ni gidanmu.

Sai dai maganin nan da nasa halin. Barci kamar kasa, in na farka kuma cikina na kiran ciroma kamar ban taɓa ganin tuwo ba. Ka tafi ka bar macen da kake tsokana da sillen kara, in ka dawo sai an nuna maka ni. Jigidata ta tsinke a bakin rijiya, mata suna tsince mini duwatsun cikin rairayi suna dariya, ni ma na taya su. Ƙiba ai ba abin kunya ba ce a garin nan.

Amma dariyar ta fara canza launi, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙibar ba ta bazu ko'ina ba, gaba ta turo. Jinin wata kuma ya rikice mini tun da na fara sha, ya zo wannan watan ya ƙi wancan. Yanzu in na sunkuya jan guga sai in ga idanu a kan cikina. Habsu matar mahauci ta tambaye ni, da bakin nan nata mai zaƙi, wai damina nawa ke nan rabonka da gida. Na ce ta tambayi kumandan, shi ya ɗauke ka. Na ba ta amsa, na ɗauki tuluna na yi gida.

Don haka na ɗaura ɗamara. Na bar man shanu, na rage fura, kuma na karɓe dakan gidan nan duka daga hannun Iya. Ruwa ma na daina ɗiba a rijiyar unguwa, kwarin dabino nake gangarawa in hauro da tulu, in ga ko tsokar za ta ji kunya ta tafi. Don Allah ka tambayi lokotoron barikinku, ko akwai dabarar da mutum zai sha abin nan bai kumbura ba.

Ka huta lafiya. Taka,
Yakura

Gure, farkon Azumi

Zuwa ga maigidana. Gaisuwa da fatan ka ga wata lafiya, da fatan ƙishirwar hamada ba ta wahalar da ku. Muna lafiyar jiki. Ta zuciya kam ka karanta ka gani.

Iya ta ƙwace mini magani.

Bari in faɗa maka yadda aka yi. Maganar rijiya ta kai kunnenta, har da sunan wani mai lambun albasa da aka laƙa mini, mutumin da ko fuskarsa ban tantance ba. Gangarawata kwari, wadda na yi don in rame, ita aka mayar shaida a kaina. Na zaci Iya za ta tuhume ni. Wallahi da ta yi hakan da ya fi mini sauƙi. Sai ta kira Yabawa ungozoma, suka kwantar da ni a tabarma, tsohuwar ta danna nan ta danna can, ta ɗago tana murmushi ta ce kwantacce ne ya tashi.

Ka tuna cikin da na yi ɓarinsa a Bune, a ɗakin mahaifiyata, wanda bayansa ciwon nan ya same ni. Iya ba ta nan a lokacin, kuma ashe ba ta taɓa yarda ya zube ba. A wurinta jini kawai na zubar, ɗan ya tsorata ya kwanta, shekara biyu yana barci, yanzu Allah Ya tashe shi. Ta ce ita ma ƙanwar babarta ta yi kwantacce na shekara huɗu, kuma yaron ga shi can da jikoki. Ta fita da carbi a hannu ta bi gida gida tana shelar jikanta na tafe. Bakin Habsu ya mutu murus, har kunun kanwa ta aiko mini.

Na san Iya ta rufa mini asiri, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Amma maigida, ni na ga abin da ya fita daga jikina a Bune. Da hannuna na taya mahaifiyata naɗe shi a tsumma. Babu kowa a cikin nan sai tuwo da ruwan kwalba.

Na faɗa mata haka, na rantse. Ta shafa kaina ta ce haka masu kwantacce suke, ba sa ji da wuri. Daga nan ta ɗauke kwalaben ta sa a adudunta ta ɗaure, wai ruwan Nasara mai sa babba barci ai shi ya danne yaron tun farko, ba za a ƙara kwantar mata da jika ba. Na durƙusa na riƙe ƙafarta. Na tuna mata marin, na tuna mata ranar da na yi kanta da taɓarya ban san ita ba ce. Ta yi kuka, ni ma na yi, amma adudun bai buɗu ba.

Azumi ma ta hana ni, wai mai ciki ba ta yi. Gari duk baki a bushe, ni kuwa ana zaunar da ni gaban burabusko da man shanu har yana kwaranya, tana tsaye a kaina sai na siɗe akushi. Ina neman in rame don ta gane gaskiya ta ba ni maganina, ita kuma tana ɗura mini don jikanta ya yi ƙwari. Ka ga inda na shiga.

Kai kaɗai take jin maganarka. Ka aiko a gaya mata da bakinka cewa babu ciki, ta mayar mini da kwalabena. Kada ka tsaya sai ayari ya cika, ko mai doki ɗaya ka samu ka ba shi.

Ina gaishe ka da kyau. Matarka,
Yakura

Gure, bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga maigidana, bayan gaisuwa da barka da Salla. Allah Ya maimaita mana, Ya sa ta baɗi a gida za ka yi ta.

Saƙonka ya iso. Na ga zanen goyo, saƙi ne mai kyau, ka iya zaɓe. Na ji kuma Fannami ya gaya wa Iya a kiwata maka ɗan ragon nan mai baƙin kunne saboda suna. Takardarka na karanta ta har ta yi laushi, ina neman inda ka ambaci kwalba, ban gani ba. Ka ce in kwantar da hankalina in bi Iya, ta fi mu sanin sha'anin mata. Ka ce musun da nake yi wataƙila ragowar ciwon ne ke magana.

Wannan kalmar ta fi ƙarfen mari ciwo. Ashe wanda ya taɓa taɓuwa, ko ya ce rana ta fito sai an leƙa waje. Lokacin da nake cewa ana kirana daga cikin rijiya kun ce ciwo ne, kuma kun yi gaskiya. Yau da nake faɗin abin da idona ya gani, shi ma ciwo ne? To da wane bakin zan yi magana ku ji?

Ban ga laifinka duka ba. Na san kana son ɗa, na san yadda abokanka ke tambayarka. Ni ma da zanen ya zo sai da na kai shi hancina, na daɗe ban sauke ba. Amma so ba ya sa ɗa a cikin da babu shi.

Ga abin da nake yi, gara ka ji daga gare ni. Tunda rama ce kaɗai shaidata, na koma neman ta ta ɓoye. Furar da Iya ke dama mini, rabi akuya ke sha ta bayan danga, har ta yi sheƙi ta fi ni kama da mai ciki. Tuwo ina dunƙule shi a gefen zane in kai wa kaji. Iya ta hana ni daka da ɗaukar tulu, to in ta tafi gaisuwar mutuwa ko barka sai in ɗauki dutsen niƙa in yi ta kewaya tsakar gida da shi har numfashina ya ɗauke. Ɗiyar malam guda, mai rubutu da hannunta, ta koma satar yunwa a gidan mijinta.

Kuma jikin ya fara saki. Amma ban sani ba ko dabarata ce, ko kuwa rashin maganin ne, don cin ma ya fita raina da kansa. Barci ya ƙaura. Gabana na faɗuwa ba dalili. Shekaranjiya ina tankaɗe na ji an kira sunana daga bayan rumbu, da muryar nan mai sanyi da ka san na taɓa ba ka labari. Na toshe kunne na yi ta karanta Falaƙi da Nasi har ta tafi. Ban gaya wa Iya ba, don na san malamin mari za ta aika wa, ba adudu za ta kwance ba.

Ka taimake ni. Ko ba ka yarda da ni ba, ka kai takardar nan wurin lokotoro a karanta masa, ka ji abin da zai ce.

Ina nan ina sauraron hanya. Taka,
Yakura

Gure, ana gobe jajiberin Layya

Maigidana, gaisuwa. Ina fatan kana lafiya.

Na rame. Na samu abin da na nema, har ya zarce. Zanen da bai haɗuwa a ƙuguna yanzu sai na kewaya shi na soke. Cikin ya lafe, kowa ya gani. Na yi wanka na shafa mai na je gaban Iya na kwance zane na nuna mata, na ce to ga shi, watanni sun shuɗe, babu komai, ta ba ni maganina don girman Allah.

Ta daɗe tana dubana. Ta aika aka kira Yabawa, ta sake dannawa. Sai suka haɗa ido suka girgiza kai, Iya ta ce, "Kin ƙi ci kin tsorata shi, ya sake kwantawa. Sai mu jira."

Na tambaye ta har yaushe. Ta ce har ran da Allah Ya tashe shi, ko shekara nawa ne, kuma kafin nan ɗigon ruwan Nasara ba zai shiga bakina ba. Don kada in yi mata sata, a gabana ta kwance adudun ta tsiyaye kwalaben biyu a gindin danga. Na faɗi a wurin ina kwasar jiƙaƙƙen rairayi ina kaiwa baki. Yaran maƙwabta suka hau danga suna kallo. Da yamma duk unguwa ta ji cewa ciwon Yakura ya dawo.

Ka gani? In na yi ƙiba ya tashi, in na rame ya kwanta. Babu jikin da zan kawo musu su yarda. Wahalar da na sha da yunwa da dutsen niƙa duk ta tafi a banza.

Yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba. Jiya da hantsi ina zaune a inuwar rumbu na ji abu ya motsa a ƙasan cibiyata. Na san yunwa ce. Na san hanji ne. Amma hannuna ya kai wurin da kansa, kuma na tsinci bakina yana yi masa waƙa. Muryar bayan rumbun ta ce mini namiji ne, ta ce yana jin sanyi, wai in kai shi tudun rairayi ya sha rana. Ban je ba. Na ɗaure ƙafata da igiyar akuya a jikin turmi har Iya ta dawo. Yau ban je ba. Gobe ban san wadda za ta tashi a shimfiɗata ba.

Na ji Iya na gaya wa Fannami ya biya ta wurin malamin mari in ya dawo. Ba mugunta take yi ba, tsoro take kada in gudu mata da jika.

Kada ka aiko kwalba, za a zubar. Kada ka aiko takarda, ba ta da baki. Ka roƙi kumandan, ka faɗi a gabansa, ka ce matarka ce ba lafiya ko ka ce mutuwa aka yi maka, duk ɗaya ne. Ka zo da kanka ka ɗora ni a raƙumi kamar wancan karon. Na yarda in kumbura in cika ƙofar ɗaki, Habsu ta faɗi abin da ta ga dama, in dai zan kwana da hankalina.

A garin nan duka ni kaɗai na rage mai cewa babu yaron nan, kuma ni ma na fara son in yarda. Ka zo tun ina sanin babu shi.

Wassalam. Matarka,
Yakura