Jan Farce Har Zuwa Dusar Ƙanƙarar Farko

Malama, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Matata Mal-sun shekarunta sittin da tara, hanyoyin iskar huhunta sun toshe. Daga ɗaki zuwa wurin randunan kimci, kabejin da muke jiƙawa da gishiri da yaji, sai ta tsaya sau biyu tana haki. Da ƙyar ɗanmu ya samo mata gurbi a gwajin wani sabon magani. Kullum da safe ni nake maƙala mata 'yar na'urar nan a yatsa, in rubuta yawan iskar da ke jininta. Nas ta ja mana kunne kada a shafa komai a farce, wai na'urar na iya yin ƙarya.

To shekaranjiya na dawo daga gonar barkono, na tarar ta daka furen bongsunga, mai rini kamar lalle, ta ƙunsa a yatsu goma cif! Farce ja wur, kuma kin san ba ya wankuwa. Litinin za mu koma asibiti, ina tsoron su cire ta daga gwajin.

Amma in faɗa miki gaskiya, akwai abin da ya fi ci mini rai. 'Yan mata ne ke wannan ƙunshi da damina, wai in jan ya kai saukar dusar ƙanƙarar farko, za a dace da masoyin farko. Shekara arba'in da shida ina shan miyarta, wane masoyi kuma? Ina zargin wani mai gyaran keke na ƙauyensu, ko da yake ya rasu tuni. Da na tambaye ta, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta.

Tsoho mai kishi, daga garin Chuncheon

Baba, sannu da fama, kuma a bar mai keke ya huta a kabarinsa.

Kana da gaskiya, ta karya doka. Kira asibitin yau, kada ka jira Litinin. Faɗa musu abin da ta shafa da ranar da ta shafa shi. Suna da wasu wuraren aunawa, har da kunne, kuma su ne za su yanke hukunci. Ɓoyewar ce za ta ɓata gwajin. Kada kuma in ji ka ɗauko wuƙa kana kankare mata farce!

Amma ita ma duba ta. Matar da ba ta iya ƙetare tsakar gida sai ta huta, ta zauna cikin watan Agusta ta yi ƙunshin da sai Disamba ake ganin sakamakonsa. Kai kana lissafin masoya, ita tana yi wa kanta alkawarin kaiwa hunturu da ranta. Wannan ya taɓa zuciyata ƙwarai.

Ranar da dusar ta sauko, ka lulluɓe ta da kyau, ka zaunar da ita bakin taga, ka riƙe hannun nan. In jan yana nan, to kai ne masoyin, tunda kai ne a wurin. Allah Ya ba ta lafiya, Ya nuna muku ranar tare.