Maɓallin Wuyan Rigar Babanku

Ɗana Sani,

Ina gargaɗinka, kada ka ƙara aiko wa babanku garin magani daga Garwa. Bayan haka, ina gaishe ka. Ya aiki, ya maiɗakinka da yara? Mu nan unguwar New Bell sai godiyar Allah.

Wata uku sukarin babanku yana hawa duk da allurar insulin da garin maganin da kake aikowa. Ya rame, hannunsa na rawa, ga gumi ba dalili. Ni kuwa na ɗora masa laifi, na ce shayi mai zaƙi yake sha a ɓoye wurin abokansa a unguwar Nkololoun. Ya rantse, ban yarda ba.

Ranar Juma'a maɓallin wuyan rigarsa ya ƙi shiga. Ƙanwarka Habiba, da ke koyon aikin jinya, ta ce, "Baba, yaya mutum zai rame wuyansa ya ƙaru? Gobe sai asibiti." Likita ya gwada jini, ya ce maƙoƙo ne: ƙullin wuyansa yana aiki fiye da kima, yana tura sukari cikin jini har allurar ta kasa. An ba shi ƙwayoyi, sukarin ya fara sauka. Na ba shi haƙuri a gaban kowa.

Yarinyar da kuka ce a cire daga makaranta saboda matsin kiriz, wato rashin kuɗi, ita ce ta ceci ubanku. Ka ji kunya.

Ka gaishe da kawunka, ku sa mu a addu'a. Daga yau, ko wa ya aiko magani, ba ya shiga bakin kowa a gidan nan sai Habiba ta duba.