Garin Kaurar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Yaya Lailatu, tare da gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya a can Amurka. Mu ma da sauƙi. Har yanzu muna Isa, a ɗakin da Kawu Malami ya ara mana. Tarin Inna ya lafa, ƙafar Baba ce dai ba ta daina kumburi ba.

Saƙonki ya iso, na karanta wa su Inna. Kin ce maƙwabciyarki 'yar El Salvador ta gayyace ki bikin abincinsu, pupusa, wainar masara da ake cusa wa wake a ciki, kuma kina son ki kai musu hocen Inna, wainar dawar nan da take gasawa. Na bincika, ranar tana faɗowa Lahadi ta biyu a Nuwamba, daidai lokacin da muke yankan dawa a da. Inna ta yi dariya, ta ce ashe akwai ƙasar da abinci ke da sallarsa. Ta ce ki kwaɓa garin da ruwan zafi, ki bar shi ya kwana, ki sa dakakken ƙuli da yaji a tsakiya, ki rufe bakin, sannan ki gasa a tukunyar ƙasa. Amma ta ce in ba da kaurar gidanmu ba, sunan hoce kawai za ki kai.

Yaya, za ni gaya miki yadda abin yake. Ranar da muka baro ƙauyenmu na wajen Tozai saboda 'yan bindiga, Baba bai ɗauki ko riga ba sai damin irin kaura, wanda yake warewa kowace kaka tun zamanin mahaifinsa. Ya rataye shi a ɗakin nan. Damina ta zo ta wuce, ba wanda ya taka gona. Ko da abinci ya yanke mana, bai yarda an taɓa shi ba. Ni kuma da na ga ƙwari sun shiga, sai na ɗebi tsaba na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, yadda aka koya mana a jami'a. Waɗanda suka tsiro ba su kai rabi ba. Na tambaya a kasuwar Isa da ta Sabon Birni, akwai kaura, amma ba irin tamu ba. Na nemi aron gona kusa da gari, duk wadda ake iya zuwa tana da mai ita.

Na nuna wa Baba tsumman. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko baɗi za mu koma. Na ce ban sani ba, kuma ban ga alama ba. Washegari da kansa ya sauko da damin ya miƙa wa Inna, ya ce gara jininsa ya ci shi a wajen biki da ƙwari su cinye shi a ɗakin aro. An sussuke, an niƙa. Muntaka direba zai kai ƙullin garin zuwa Kano, wurin matar da kika ce za ta tafi Amurka ta kawo miki. Ban da tabbacin za a bar shi ya wuce a filin jirgi. In ya iso, kada ki gauraya shi da wani gari, kuma ki ba yaranki su fara ci kafin baƙi. Babu wani bayansa.

Inna da Baba suna gaishe ki, haka Gwaggo Laraba da Saudatu. Ki gaishe da maigida, ki shafa mini kan Amiru. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Marwan