Wa Ya Faɗa wa Afrakoma?

Sunyani, 4 ga Maris

Zuwa ga matata Akosua,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ƙafar Mama kuma ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, gidan bulo yana tafiya.

Jiya na buɗe littafin Turancin 'yarmu Afrakoma, wanda take zuwa da shi darasin yamma wajen Ticha Amankwa. Yana koya musu haɗa zance biyu masu karo da juna, da kalmomi irin su "ko da yake" da "duk da haka", kowa ya kawo misali daga gidansu. Kin san abin da ta rubuta? Wai ko da yake babanta ya faɗi jarrabawar aji uku har sau biyu, yau mutum goma sha huɗu ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Ticha ya ba ta maki cikakke, har ya sa ta karanta a gaban aji.

Akosua, wannan magana ke kaɗai na faɗa wa, a ɗaki, kafin aurenmu. Ban ce ke ce ba, amma wa ya rage? Shi ma Tichan ban yarda da shi ba, surukin Boadu mai gidan bulon tsallaken titi ne. Wane irin darasi ne sai an tono asirin gida? Saura mako shida jarrabawarta, amma na hana ta komawa sai na ji bakinki.

Mijinki,
Kwaku Frimpong

Sunyani, 11 ga Maris

Akosua tawa,

Ina gaisuwa, a gaishe da Mama. Amsarki ta zo, layi ɗaya tak: in tambayi yarinyar.

Na tambaye ta. Kwana uku tana kuka ko lomar fufu ba ta ci ba, amma da na yi tambayar sai ta dube ni kamar na zauce. Ta ce a bakina ta ji. Wai duk Asabar a wajen makoki, da zarar na sha ƙwarya biyu ta bammi, sai in miƙe cikin baƙin zanena in ba jama'a labarin, har da sunan malamin da ya kore ni. Direbana ya ce haka ne, mutane ma kan riga ni ƙarasa shi.

Afrakoma ta koma darasi ranar Litinin, ni na kai ta da mota. Ki yi haƙuri da wasiƙar farko, ki ƙona ta.

Sai dai akwai abin da ke damuna. Ni ƙwarya ɗaya nake karɓa a makoki. Wa ke cika mini ta biyun? Boadu ne ke zama kusa da ni.

Naki har kullum,
Kwaku