Lasifikan Haidar

Anka, Oktoba 2009

Zuwa ga Yaya Abdulƙadir, Gummi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, Inna ma tana gaisuwa. Wayarka kullum a kashe, shi ya sa na ba Jatau direba wannan takarda.

Yaya, shawararka nake nema, tunda ka daɗe kana aikin na'ura a gidan rediyo kafin ka buɗe shagon gyara. Ɗakin zaure da na mayar sutudiyo ya fara tafiya. Ina da kwamfuta da makirufo, na manna kwalin ƙwai a bango. Matsalata lasifika. Manyan nan na biki nake amfani da su. A ɗaki sauti kamar zuma, amma in aka sa faifan a mota sai ka ji kamar mutum na magana cikin randa. Malam Maharazu na Zugu, mai ƙungiyar masu bege, ya dawo mini da faifansa. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Wagga ba muryata ba ce." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wace iri zan saya wadda ƙarfina zai kai? Ka san aljihuna.

Ƙaninka,
Haidar

*

Gummi

Haidar,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, duk muna lafiya.

Lasifikan biki an yi su ne don su yi wa kunne daɗi, suna ƙara gangar ƙasa, suna ɓoye aibi. Abin da kake buƙata masu sana'a suna ce masa monita. Ba ta ƙara komai, ba ta rage komai. Ranar farko ba za ka so ta ba.

Kada girma ya ruɗe ka. Ɗakinka ƙarami ne, masu inci biyar sun ishe ka. Ka nemi masu amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a cikinsu, don kada ka sake sayen wani abu. Na hannu ma sun yi, in dai takardar bakinsu ba ta yage ba. Ka tafi da faifan muryar wanda ka sani sosai, ka sa mai shago ya kunna a hankali. Duk wanda ya ƙure maka ƙara, akwai abin da yake ɓoyewa. In ka kawo su, ka ɗora su daidai kunnenka, ka janye su daga bango, kuma kada ka haɗa su da janareta kai tsaye.

Abu na ƙarshe, kada ka yi gaggawa. Na san ka. Ka jira bayan girbi.

Ka gaishe da Inna da matarka Muhsina. Ka ce wa ɗiyarka Karima Baffanta yana jiran Ƙulhuwallahun da ta yi masa alkawari.

Yayanka,
Abdulƙadir

*

Anka, Disamba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Albishirinka! Na samo su a Gusau, baƙaƙe guda biyu, na hannu amma kamar sababbi. Mai shagon ya so ya ƙure ƙara, na ce ya rage, har ya tambaye ni wa ya koya mini.

Za ka ce ina na samu hali. Mamuda, wan Muhsina, shi ya buɗe mini hanya. Ka ji labarin zinaren Abare? Gari duk ya koma fasa dutse. Injinan niƙa da ke yin gero yanzu dutse suke ci. Mamuda ya kawo mini buhunan dutse nan gida, muna fasawa a tsakar gida, Muhsina tana dakawa a turmi, mu wanke a kwano. Kafin wata ya ƙare na ga abin da noman shekara bai ba ni ba. Ga ɗan gutsuren dutsen nan na sa maka a leda, ka ga yadda yake walƙiya.

Maganarka gaskiya ce, ranar farko na ji kunyar duk aikin da na taɓa yi. Har numfashin mutum suna fito da shi. Malam Maharazu ya dawo, mun sake ɗauka, ya saurara ya ce, "Yanzu na ji kaina."

Sai dai ina zargin suna da ɗan lahani. Na ɗauki karatun Karima don in aiko maka, na haɗa da wanda na ɗauka da ƙaramar Salla. A na Salla harshenta garau. A na yanzu kalmomin suna jan ƙafa, tana tsayawa inda ba ta saba tsayawa ba. A fili ban lura ba, sai a cikinsu. Ko na hagun ne ya fara lalacewa? Ga faifan nan, ka ji da kunnenka.

Agwagin Inna sun mutu dukansu a makon nan, tana ta faɗa wai maƙwabta ne. Ƙura ce dai ta dame mu, kullum sai na goge kwamfuta.

Naka,
Haidar

*

Gummi

Haidar,

Salamu alaikum. Ka karanta wannan a zaune.

Na saurari faifan a na'ura uku. Lasifikanka lafiyarsu ƙalau. Yarinyar ce.

Dutsen da ka aiko ya hana ni sukuni. Ya yi nauyi fiye da girmansa, kuma da na murza shi ya bar mini toka-toka a yatsa, irin wadda dalma ke bari in na yi aikin liƙa waya. Wanda ya koya mini sana'a ba ya barin mu ci abinci sai mun wanke hannu da sabulu, yana cewa dalma ba ta fita in ta shiga jiki. Ni ba likita ba ne, mai yiwuwa na yi kuskure. Ina roƙon Allah ya sa kuskure na yi.

Ka fitar da buhunan nan daga gida yau. Kada a sake daka hatsi a turmin. Ka kai Karima asibiti, ka tafi da wani gutsuren dutsen, ka nuna musu.

Ka ba Jatau amsa a dawowarsa.

Abdulƙadir

*

Anka

Yaya,

Ina wuni, ina gajiya. Ni ce Muhsina. Ka gafarce ni da na rubuto maka ba da sanin ƙaninka ba.

Takardarka ta zo, ya karanta, ya ce kai dama ba ka taɓa son ya yi gaggawar arziki ba. Daga baya na gan shi a zaure yana sake kunna karatun ɗiyarku, ya kashe, ya kunna. Buhunan dai suna nan.

Shekaranjiya ina shanya sai na ji Inna ta yi salati. Na tarar da yarinyar a ƙasa, jikinta na karkarwa, idonta ya juye. Ba zazzaɓi, jikinta sanyi ƙalau. Inna ta ce iska ce, an yi hayaƙi, an yi tofi. Ta dawo, amma ba ta son abinci, tana riƙe ciki.

Yaya, abin da ya sa na rubuto shi ne an aiko daga Abare. Ɗan Mamuda na goye ya rasu, irin wannan faɗuwar ya yi. Matar da ta kawo saƙon ta ce a unguwarsu ba gidan da ba a yi zaman makoki ba, kuma duk ƙanana. Wasu na cewa sanƙarau ne. Na tambaye ta, mi ya sa manya ba su yi? Ta ce ita ma ba ta sani ba.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, turmin nan guda ne gare ni. Da shi na yi ta daka furar da take sha. Kuma ina da ciki.

Maganarka kaɗai yake ji in kana gabansa. Don girman Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Muhsina

*

Gusau

Yaya,

Salamu alaikum. Kada ka tsaya Anka, ka wuto Gusau, muna asibiti. Karima ta sake faɗuwa jiya bayan sallar Azahar, a hannuna.

Yau ta buɗe ido. Ta sha ruwa. Uwarta ta yi mata magana, ta kalle ta kamar baƙuwa. Likita ya karɓi dutsen, ya juya shi, ya tambaye ni gida nawa ke wannan aiki. Na ce ban san gidan da ba a yi ba.

Kafin mu taso na kwashe buhunan a amalanke, na zubar da su cikin kwazazzabon bayan gari. Da motarmu ta biyo ta wajen na leƙa. Babu ko ɗaya, an riga an kwashe.

Ka yi mana addu'a.

Haidar