Kwaɗin Sabon Titi

Litinin, 3 ga Yuni

Ban taɓa faɗa wa kowa ba: Babana ne shugaban leburorin titin da ya tsaga kurmin bayan makarantarmu. In aka tambaye ni, "ma'aikaci ne" kawai nake cewa.

Yau Malamar Kimiyya ta shimfiɗa igiya a tsakiyar aji. "Ga titi. Duk wadda ta tsallaka, mota ta take ta." Wai mu ji yadda dabbobi ke ji. Ƙawata tana can, ni ina nan, littafina na soyayya kuma yana jakarta, na tsaya daidai inda jarumin zai dawo.

Laraba, 5 ga Yuni

Malama ta kai mu bakin titin ƙirga gawa. Tir! Kwaɗi arba'in da uku, sun manne da kwalta kamar tsohon takalmi. Bushiya ɗaya, ƙuda sun rufe ta. Na yi amai. Uwar Surutun ajinmu ta ce, "Allah ya saka wa bayin nan a kan masu titi!" Kowa ya ce amin. Har ni na motsa baki.

Alhamis, 6 ga Yuni

Warin yana rigata har yanzu.

Juma'a, 7 ga Yuni

Malama ta ce kududdufin ƙetaren titi kwaɗin suke nufa, can suke haɗuwa su yi ƙwai. Wato wajen masoya za su. Ƙazamai da su! A littafi dai jarumi yakan iso.

Hanya ɗaya ta rage musu, kwalbatin ƙarƙashin titi, shi ma an toshe shi da ɓaraguzai. Na san wanda ya sa. Da kunnena na ji Baba a waya: "Ku zuba nan, juji ya yi nisa."

Aji ya tsara wasiƙar roƙo a buɗe kwalbatin. Ni aka ba in kwafe a gida, wai rubutuna ya fi kyau. Malama ta tambaya wa ya san ofishin masu titin. Na hau laluben biro a jaka.

Asabar, 8 ga Yuni

Baba ya leƙo. "Uwata, wasiƙar wa ake yi wa ado haka?" Na kife littafi a kai. Ya tafi yana dariya.

Lahadi, 9 ga Yuni

Ƙyamar kwaɗin nake, ba abin da ya canja. Hadari dai ya haɗo, kuma in aka yi ruwa za su sake fitowa.

Baba yana tsakar gida yana goge takalman aikinsa. Na soke "Zuwa ga shugaban aiki", na rubuta "Baba".

Ya gama ƙafa ɗaya. Bari in kai masa wasiƙar kafin ya gama ɗayar.